Zangon da Orval Ya Zaɓa wa Yaya

Orval Teague mijin yayata ne. Tun ina 'yar sakandare ya fara zuwa gidanmu neman auren Marlys, tun lokacin kuma nake tsokanarsa, har yau da duk muka yi furfura ban fasa ba. Ƙaton mutum ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gidanmu, ga shi magana ba ta dame shi ba. Ni kuwa Rediyo yake kirana, wai an nemi maɓallin kashe ni an rasa.

Aikin hanya ya yi wa ƙaramar hukumarmu ta Tolliver, nan Wyoming, har ya yi ritaya. Lokacin zafi yana kan gireda yana gyara hanyoyin burji da suka hau dutse, da hunturu kuma yana tuƙa motar ture dusar ƙanƙara. Ya ciro motoci daga kwazazzabo ba adadi, wasu mutanen ciki da rai, wasu babu. Ba ya ba da labarinsu. Amma ina jin su suka mayar da shi mutumin da ba ya yarda da wuri sai ya bincika da kansa.

Duk shekara in Yuli ya kama, sai ya ɗaura ɗan ɗakinsu na tafi-da-gidanka a bayan a-kori-kurarsa, su hau dajin gwamnati da ke saman garinmu. Tun da mijina ya rasu nake bin su. Kowa in ya isa zango, wurin da ya ga babu mutum yake fakawa ya sauke kaya. Ban da Orval. Sai ya zaga zangon gaba ɗaya a hankali, ya sauko, ya ɗaga kai ya ƙare wa itatuwa kallo, ya daki gindinsu da tafin hannu, ya tsuguna ya duba inda ruwa zai bi in an yi ruwa, ya shinshina ko iska na kawo warin ban ɗaki. Mu kuwa muna cikin mota yunwa na cinmu.

"Kai mijin Yaya!" nakan leƙo ta taga in ce. "Kwana za mu yi fa, ba sayen filin za mu yi ba!"

Ko juyowa ba ya yi.

Zango biyu ne a ɓangarenmu na dajin. Zangon Kogi yana ƙasa, a gindin dutse: kwalta har ƙofarsa, akwai lantarki, waya na kamawa, asibiti ba nisa. Zangon Tafki kuwa yana can ƙoli, ƙarshen wata siririyar hanyar burji mai lanƙwasa, dutse a dama, kwazazzabo a hagu. Babu wuta, babu sabis, sai tafki mai sanyi da duwatsu a kansa. Tun suna amarya da ango can suke zuwa. Yaya takan ce Zangon Kogi tashar mota ce aka dasa wa itatuwa.

Sai ciwon huhu ya kama ta. Ta daɗe tana shan taba lokacin da take girki a gidan abinci, ta bari, amma bayan ta riga ta yi ɓarna. Cikin 'yan shekaru ta koma sai da robar iska a hanci dare da rana. A gida akwai inji mai amfani da lantarki da ke ba ta iskar. In za a fita kuwa, sai a ɗauki tukwanen iska, kowacce da agogonta mai nuna abin da ya rage. Likita ya faɗa mata a gaban Orval cewa ta daina hawa sama, domin iskar can ko mai lafiya sai ya yi haki.

Shekarar da nake ba da labari, Orval ya kama mana wuri a Zangon Kogi tun da wuri, kusa da sandar lantarki, don injinta. Na zaci za a yi faɗa, ganin yadda na san bakin yayata. Ba a yi ba. Ta shirya kayanta, ta toya mana kaza, ta sa hularta mai faɗi. Ɗansu Dale ya bugo daga Denver yana ja mata kunne, ta ce masa to, to.

Mun fita da hantsi. Tana gaba kusa da shi, ina baya da tukwanen iska uku da muka ɗauko na ko-ta-kwana. Muna isa mararraba, inda kwalta ta miƙe zuwa kogi, burji kuma ya kauce ya hau dutse, sai ta ce, "Baban Dale, tsaya."

Ya taka birki. Bai kashe mota ba.

"Mu hau," ta ce.

"A'a."

"Ban gama magana ba."

"Na san abin da za ki ce. Likita ya ce..."

"Likita ba shi zai zauna a falon nan yana kallon bango har ƙarshe ba. Ni ce." Ta tsaya ta ja numfashi. Lokacin ba ta iya doguwar magana sai ta huta a tsakani. "Dube ni da kyau. Kana ganin akwai wani Yulin a gabana?"

Hannunsa biyu na kan sitiyari, idonsa na kan hanya.

"Babu wuta a can, Marlys. Injinki ba zai yi aiki ba. Tukwanen nan ba su isa kwana ba."

"To ba sai mun kwana ba."

"Bari in kai ɗakin nan ƙasa in ajiye, mu huta, sai mu ga yadda..."

"Ka mayar da ni yarinya ke nan. In ka shiga zangon can ka jona wuta, ko da gireda ba mai ture ka." Ta juyo gare ni. "Nadine, ba za ki ce komai ba? Yau aka kashe rediyon?"

"Ni fasinja ce, Yaya," na ce. Gaskiya ita ce ban san bayan wa zan bi ba.

Wata mota ta zo bayanmu, ta yi oda, ta kauce ta wuce. Orval ya sauko. Ya tsaya tsakiyar hanya ya daɗe yana kallon sama ta yamma, inda hadarinmu yake tasowa. Sama tas take, ko ɗigon gajimare babu. Ya zagaya bayan mota ya duba injin zartonsa da galan ɗin mai, ya buɗe ƙofar baya ya duba agogon kowace tukunya. Sannan ya dawo ya zauna.

"Za mu hau," ya ce. "Ki ga tafkin, ki ci abincinki. Da na ga gajimare na farko, saukowa za mu yi, ko da cinyar kaza a bakinki. Kin yarda?"

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Ya karya kan mota zuwa burji.

Zangon kusan babu kowa. Tanti biyu ne a can ƙarshe, a zuge, masu su sun tafi yawon dutse. Mai kula da wurin ma ya sauka gari, ya bar ɗakinsa a kulle. Wurinsu na da, wanda yake bakin ruwa, yana nan babu mutum. Yaya ta nuna shi da yatsa, fuskarta kamar ta yarinya. Orval ya sauko ya ɗaga kai. Ƙwaro ya shiga itatuwan dajin nan shekarun baya, ya kashe fiye da rabinsu a tsaye. Waɗanda suka kewaye wurin duk sun bushe, sun yi toka-toka, ɓawonsu na zubewa. Ya girgiza kai, ya dawo ya ja motar zuwa wani fili fetal kusa da ƙofar fita.

"Ka kawo ni saman duniya don in kalli kwandon shara?" Yaya ta ce.

"Kwandon shara ba ya faɗo wa mutum a ka."

Ya kwance ɗakin daga jikin motar nan take, ya juya kanta ya fuskanci hanyar sauka, ya bar makulli a ciki. Sannan ya ɗauki kujerarta a hannu ɗaya, tukunyar iska a ɗayan, muka taka a hankali zuwa wani buɗaɗɗen gefen tafkin da babu itace. Tafiyar ba ta da nisa, amma sai da ta tsaya hutawa sau da dama.

Ba zan ɓoye ba, ta ji daɗi. Ta sa na cire mata takalma, ta tsoma ƙafa cikin ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, ta yi ihu, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Muka ci kaza da dankali, muka sha gahawa mai zafi. Ta ba ni labarin yadda Orval ya taɓa faɗawa tafkin da tufafinsa garin ciro mata hula. Shi kuwa bai zauna ba. Yana tsaye a bayanta, ya kalli sama, ya kalli agogon tukunya. Ya ƙara mata ƙarfin iskar saboda hakin da take yi, don haka tukunyar farko ta ƙare da sauri fiye da yadda ta saba. Da yake jona ta biyu, muka haɗa ido.

Gajimaren da yake jira bai gani ba. Iska ce ta riga shi zuwa. Azahar ta ɗan gota, ruwan tafkin ya yi duhu lokaci guda, hular Yaya ta tashi ta faɗa cikinsa. Kafin mu ankara, hadari ya leƙo ta bayan dutsen da ya kare mana yamma, baƙi ƙirin, ya riga ya haɗu. Daga cikin daji muka ji ƙara kamar an harba bindiga, sai wani abu ya faɗi, ƙasa ta amsa a tafin ƙafarmu.

"Tashi," Orval ya ce. "Nadine, bar kwanukan."

Yaya ta miƙe da sauri, saurin da jikinta ba ya iyawa. Ba ta yi nisa ba ta durƙushe tana tari. Ƙanƙara ta fara zubowa, ƙanana masu zafi. Ya miƙa mini tukunyar, ya sunkuce ta kamar jaririya, ina bin sa a guje don kada robar ta cire. Muka sa ta a kujerar baya, na zauna kusa da ita. Ɗakin da yake riritawa kamar ɗansa, ko waiwayarsa bai yi ba.

Na maƙala mata 'yar na'urar yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. Lambar da ta nuna ban taɓa ganin irinta ba.

"Nawa?" ya tambaya.

"Yi tuƙinka kawai."

Leɓunanta sun fara yin shuɗi. Tana zaune a miƙe, hannunta dafe da kujerar gaba, kafaɗunta na hawa da sauka. Na ƙara iskar har ƙarshe.

A lanƙwasa ta farko muka tarar da itace kwance a hanya. Ƙarami ne. Orval ya fita da zarto ya datse shi, ya ture guntayen cikin kwazazzabo, ya dawo jiƙe sharkaf. Na ce a raina mun tsira. Ba mu yi wata tafiya ba ya sake taka birki.

Wannan kam ƙato ne, kaurinsa ya kai ƙugun mutum, ya faɗo daga saman dutse ya haɗo da wasu biyu, rassansu sun cuɗe. Kansa yana reto a kan kwazazzabo. Orval ya tsaya yana kallonsa. Ko a wannan hali sai da ya zagaya ya duba ta ina nauyin yake. Na sauke gilashi.

"Orval! Don Allah yanka!"

Ya tayar da zarton. Ƙanƙara ta koma ruwa, ruwan na gudu a hanya ja wur. Itatuwan da ke samanmu sai lanƙwasa suke yi suna kuka. Ya share rassa, ya datse ƙananan biyu, ya kama babban. Mutumin da ya haura saba'in, kafaɗarsa ta dama an taɓa yi mata aiki.

Tukunya ta biyu ta ƙare. Na jona ta ƙarshe, sai a karo na biyu ta murɗu. Yaya ta kama hannuna.

"Kar ki... gaya masa," ta ce.

Orval ya kai tsakiyar gungumen sai itacen ya motsa. Iska ce ta tura kan da ke reto, tsagin ya rufe, ya danne zarton. Injin ya mutu. Ya ja, ya murɗa, ya sa ƙafa ya ja da dukan ƙarfinsa. Ko gezau. Ya dawo bayan mota a guje ya ɗauki gatari. Da zai wuce ya leƙo ta taga, ya kalli matarsa, ya kalli tukwane biyu da ke kwance a ƙasa babu komai. Ba sai an gaya masa ba.

Tun da na san Orval ban taɓa jin ashar a bakinsa ba. Ranar na ji. Yana sara yana zagin itacen, yana zagin kansa, gatarin na dawo masa daga jiƙaƙƙen gungume. Ni na san saran nan ba zai kai mu ko'ina ba kafin iskar ta ƙare. Shi ma ya sani.

Cikin haka muka ji oda daga ɗaya ɓangaren.

Wata 'yar ƙaramar mota ce ja, ta hauro daga ƙasa, itacen ya tare ta. Wani saurayi ya fito ya rufe kansa da riga. Daga baya muka san sunansa Efren Quiroz, makanike ne a wani gari da ke yamma da mu. Shi da matarsa Yolanda da jaririyarsu suka fito kwanan daji karo na farko a rayuwarsu, hadarin ya riske su a hanya, ba wurin juyawa.

"Baba, sannu da aiki!" ya ɗaga murya. "In zo in taya ka?"

Orval ya jefar da gatarin. "Matata ba ta iya numfashi. Juya motarka."

Saurayin ya kalli hanyar, ya kalli kwazazzabon. "A nan? Baba, ba za ta juyu ba."

"Za ta juyu. Shiga. Kar ka kalli ramin, hannuna za ka kalla."

Ya haura gungumen ya tsaya a bakin kwazazzabo, dugadugansa a kan gaɓa, ya mayar da jikinsa iyaka. Ya fara yi masa nuni da hannu: gaba kaɗan, tsaya, murɗa duka, baya. Ta tsakanin rassa nake hangen su. Matar ta ɗauko jaririyar ta fito ta tsaya cikin ruwa, ba ta yarda a juya da su a ciki ba, ban kuma ga laifinta ba. Sau ɗaya tayar baya ta zame a taɓo, motar ta taɓa gwiwar Orval. Bai matsa ba. Ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Gaba!" Haka suka yi ta yi, gaba, baya, har kanta ya kalli ƙasa.

Agogon tukunyar ya shiga ja.

Ya dawo ya ɗauki Yaya. Haura itacen da ita shi ne abu mafi wuya da na taɓa gani an yi. Ya zauna a kan gungumen, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya juya da ita a ƙirjinsa, ni ina cusa tukunyar ta ƙarƙashin rassa. Wani karyayyen reshe ya tsaga masa bayan hannu, jini na bin ruwa. Efren ya tare ta daga can. Yolanda ta riga ta buɗe ƙofar baya tana watso kayansu a hanya, tanti, barguna, akwatin abinci, duk cikin taɓo.

Motar ba ta ɗaukar mu duka. Kujerar jaririya ta cinye gefe ɗaya na baya. Yaya ba ta iya zama ita kaɗai, sai an rungume ta ta baya an tallafe ta. Orval ya gwada shiga, kafaɗunsa ma ba su wuce ƙofar ba.

"Baba, zauna gaba," Yolanda ta ce. "Ni sai in jira a nan."

"Da jaririya tana shan nono? A'a, 'yata. Shiga." Ya juyo gare ni. "Rediyo, ke ce. Riƙe ta a miƙe. Kar ki bari ta yi barci."

Ya sunkuya ya sa goshinsa a kan na Yaya. Ban ji abin da ya ce ba. Ya rufe ƙofar, ya buga rufin motar sau biyu. Na waiwaya na gan shi tsaye tsakiyar hanya, hannu na zubar da jini, har muka sha lanƙwasa.

Efren ya iya tuƙi, Allah ya yi masa albarka. Bai yi gudun hauka ba, bai kuma yi sanyi ba. Yolanda tana riƙe da waya a sama tana neman sabis, bakinta na motsi da addu'a cikin yarensu. Jaririyar na ta tsala kuka. Yaya tana jingine a ƙirjina, ina jin haƙarƙarinta yana aiki a hannuna.

Muna tsakiyar gangara sai ɗan sautin nan na iska da kunnena ya saba da shi ya ɗauke. Na girgiza tukunyar, na murɗa, babu. Yaya ta ɗago ido ta kalle ni.

"Yi... magana," ta ce.

Na yi. Ban san me da me na faɗa ba. Na tuna mata ranar da ta aske mini gira ina barci. Na ce rigata mai ɗigo-ɗigo da ta ara tun muna 'yan mata har yau ina jira. Na ce in ta kuskura ta bar mini wannan bebe na mijinta, ba zan yafe mata ba. In kanta ya fara langaɓewa sai in mintsine ta a cinya. Sau ɗaya ta buɗe ido ta ce, "Muguwa." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar wannan ba.

Da muka kusa mararraba wayar ta kama. Yolanda ta kira motar asibiti, suka ce mu ci gaba da tahowa, za su tare mu. A gadar da ke kusa da Zangon Kogi muka haɗu. Suka ɗauke ta daga hannuna, suka rufe mata fuska da robar iska. Na zauna a kan kwalta cikin ruwa.

Orval ya iso asibiti dab da faɗuwar rana. Jak ɗin mota ya sa ya ɗaga gungumen har zarton ya saku, ya ƙarasa yankan, ya tsince kayan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a bayan motarsa. Ya shigo da garin katako a gashinsa, hannu naɗe da tsumma. Na ce masa tana raye, suna ƙoƙari a kanta. Ya gyaɗa kai. Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta ta gilashi, sai da wata nas ta ja shi ta ɗinke masa hannu.

Dale ya bugo. Daga inda nake zaune ina jiyo muryarsa a wayar. "Baba, kai fa ka fi kowa sanin hanyar nan! Yaya za ka kai ta can?" Orval ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Haka ne," ya ajiye.

Washegari da rana ta farfaɗo sosai. Da ta gan shi a gefen gado, sai ta zare robar daga bakinta.

"Me ya sami hannunka?"

"Reshe ne."

"Ɗakina fa? Ka baro mini shi a daji?"

"Zan je in ɗauko."

"Ka daina wannan fuskar, Baban Dale. Ni na ce a hau."

"Ni na tuƙa."

"To ka tuƙa. Na sa ƙafata a ruwan ko ban sa ba?"

Ya mayar mata da robar, ya gyara mata matashi.

Ta yi makonni a asibiti, ta dawo gida da rauni fiye da da. Ba ta sake fita gari ba sai zuwa ganin likita. Ta ga Kirsimeti, ta ga ƙarshen hunturu, ta rasu cikin Afrilu a gadonta, Orval na riƙe da hannunta, ni ina kicin ina dafa ruwan zafi. Dale ya daɗe ba ya sakin fuska da ubansa. Yana ganin hawan nan ya rage mata kwana. Wataƙila haka ne, likitan ma bai ce a'a ba. Sai da ya zo jana'iza ya zauna da shi kwana da kwanaki suna kwashe kayanta, sannan suka fara komawa daidai. Na taɓa tambayar Orval ko da za a mayar da shi mararrabar nan, wace hanya zai bi. Ya ce bai sani ba, kuma kada in sake tambayarsa. Ban sake ba.

Kayan su Efren kuwa, ya shanya tantin a garejinsa, ya wanke bargunan, ya sayi sabon akwatin abinci a madadin wanda ya fashe, ya bi adireshin da suka bari a asibiti ya kai musu har gida. Yolanda ta hana shi tafiya sai ya ci abinci. Daga nan zumunci ya ƙullu. Sun zo jana'izar Yaya, Efren yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarta.

Yanzu kusan kowace Lahadi bayan coci can yake cin abincin rana, wani lokaci ya tafi da ni. Jaririyar, Ines, ta yi wayo, Kaka take ce masa, tana hawa kafaɗarsa tana ja masa kunne. Girkin Yolanda barkono ne zalla, Orval kuwa ko masoro ba ya so. Sai ka gan shi zaune, fuska ta yi ja, gumi na tsiyaya, hawaye na zuba, yana ta kurɓar ruwa. In ta ce, "Baba, in ƙaro?" sai ya miƙa faranti.